Onassis, Attajirin Girka Mai Saukar Baƙi A Kan Teku

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa taswirar Bahar Rum a gaban yara, ya bi ta da sanda zuwa gabas, ya san yadda ƙasar Girka ta miƙo ƙafa cikin ruwa, tsibirai kuwa barbaje kewaye da ita sai ka ce an watsa wa kaji tsaba. Tsibiran nan sun kai dubbai, ko da ya ke waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su fi 200 da 'yan kai ba. A watannin Yuli da Agusta, sa'ad da mu ke tsakiyar damina, su can da ƙyar a ga ɗigon ruwan sama, sai rana da sararin sama garau. A lokacin nan ne masu hali na Turai su kan shiga jiragen ruwansu na shan iska, su ɗauki baƙi, su yi ta zagaya tsibiran, yau a kwana a gindin wannan, gobe a yi kalaci a gindin wancan. To, cikin dukan waɗanda suka yi wannan al'ada ba wanda ya yi suna da ita kamar Aristotle Onassis, mai jirgin da a ke kira Christina. Tarihinsa za mu kawo a yau.

An haifi Onassis cikin 1906 a birnin Simirna, wanda yanzu a ke kira Izmir, a bakin gaɓar Turkiyya ta yamma. Bagirke ne, amma a ƙarƙashin daular Usmaniyya ya buɗe ido, gama a zamanin nan Girkawa masu yawan gaske na zaune a birnin tun kaka da kakanni. Ubansa, Socrates, babban ɗan kasuwar taba ne, mai rufin asiri ƙwarai. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara 6. Ya tashi yana jin harshen Girkawa da na Turkawa, ga shi da son iyo da tuƙin kwalekwale, har a ke cewa ya fi sanin bakin teku bisa ga ɗakin karatu.

Cikin watan Satumba na 1922 duniya ta juya wa gidansu baya. Yaƙin da a ke yi tsakanin Girka da Turkiyya ya ƙare da karyewar rundunar Girkawa, sojan Turkawa suka shiga Simirna, bayan 'yan kwanaki gobara ta tashi ta cinye unguwannin Girkawa da na Armeniyawa. Aka kama ubansa aka sa shi kurkuku, aka kashe waɗansu daga cikin danginsa, dukiyar gidan ta salwanta. Yaron yana da shekara 16 ya tsallaka zuwa Girka cikin ayarin 'yan gudun hijira. Daga baya an sako uban, amma zaman bai yi wa ɗan daɗi ba, don haka cikin 1923 ya shiga jirgin ruwa, a ɗakin talakawa na can ƙasa, ya nufi Ajantina ta Amurka ta Kudu da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu.

Da ya sauka Buenos Aires sai ya ga ba za a ɗauki yaro aiki ba, sai ya ƙara wa kansa shekara 6 a takarda, ya ce cikin 1900 aka haife shi. Akawunan da suka saba da masu zuwa rantsuwar shekarun haihuwa sun san irin wannan lissafi, sai dai su galibi ragi su ke gani. Ya sami aikin dare a kamfanin tarho, yana haɗa wa mutane waya. Da rana kuwa maimakon ya yi barci sai ya shiga yawon kamfanonin sigari, yana tallar tabar gabas wadda ubansa ke aiko masa, mai laushi da ƙanshi fiye da wadda aka saba da ita can. Ciniki ya karɓe shi. Kafin ya cika shekara 25 ya zama mai kuɗi, ya sami takardar zama ɗan ƙasar Ajantina, har gwamnatin Girka ta ba shi muƙami a ofishin jakadancinta na birnin.

Shekarar 1932 kasuwar duniya duk ta faɗi, jiragen dakon kaya suna jere a tashoshi ba mai haya, tsatsa na cinsu. A lokacin nan ne ya tafi Kanada ya sayi jirage 6 a kan dala 20,000 kowane ɗaya, kuɗin da bai fi na tsohon ƙarfensu ba. Masu jirage na asali suka yi masa dariya. Shi kuwa ya lura da abin da su ba su kula da shi ba, watau duniya na barin gawayi tana komawa ga man fetur, man kuwa tilas a yi dakonsa daga inda a ke haƙo shi zuwa inda a ke ƙona shi. Cikin 1938 aka gama ƙera masa jirgin dakon mai na farko a ƙasar Suwidin, mai ɗaukar tan 15,000, aka sa masa suna Ariston.

Ya kamata a tsaya a bayyana dabarar da ta mai da shi hamshaƙi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don ba a kan sa'a kaɗai ta tsaya ba. Ya kan je wurin babban kamfanin mai ya ƙulla alkawari cewa zai yi musu dako na shekaru kaza a kan kuɗi kaza. Sa'an nan ya ɗauki takardar alkawarin nan ya kai wa banki ko kamfanin inshora, ya ce su ba shi rancen da zai ƙera jirgin, su riƙa karɓar biyansu daga kuɗin hayar. Watau da kuɗin waɗansu ya ke ƙera jirgi, hayar waɗansu ta biya bashin, in an gama jirgi ya zama nasa. Ya kuma gane cewa babban jirgi bai fi ƙarami cin ma'aikata da yawa ba, amma ya ninka shi ɗaukar kaya, saboda haka kullum sai ya ƙara girma. Cikin 1953 aka saka masa wani a ruwa a Hambag ta Jamus mai ɗaukar tan 45,000, wanda a lokacin ba kamarsa. Jiragensa kuma ba tutar Girka su ke ɗagawa ba, sai ta Panama ko ta Laberiya, inda haraji ba nauyi, dokar albashin ma'aikata kuma sako-sako ce. Wannan ya jawo masa zargi, zargin kuwa ba a banza ba ne.

Cikin 1946 ya auri Athina, wadda a ke kira Tina, 'yar Stavros Livanos, babban mai jirage na Girkawa. Tana da shekara 17, shi yana da 40. Suka haifi Alexander cikin 1948, da Christina cikin 1950. Yayar Tina kuwa ta auri Stavros Niarchos, wani mai jiragen, sai gasa ta shiga tsakanin mazan nan biyu har ƙarshen ransu. In wannan ya ƙera jirgi wancan sai ya ƙera wanda ya fi shi, in wannan ya sayi tsibiri wancan ma sai ya saya.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya zama alheri ba. Ya shiga farautar manya-manyan kifayen teku waɗanda a ke narka kitsensu a sami mai, jiragensa ba su kula da ƙa'idar lokaci ko ta girman abin da za a kama ba, har cikin 1954 sojan ruwan ƙasar Peru suka kama su. A shekarar nan kuma gwamnatin Amurka ta kai shi ƙara a kan jiragen da ya saya daga hannunta bayan yaƙi, waɗanda doka ta ce 'yan ƙasa kaɗai za a sayar wa, aka sasanta a kan ya biya dala miliyan 7. Har wa yau cikin 1954 ya ƙulla yarjejeniya a Jidda da gwamnatin Sarki Sa'ud don ya riƙa dakon man Saudiyya. Manyan kamfanonin mai suka ga za a shiga gonarsu, suka haɗa kai suka daina hayar jiragensa, jirage da yawa suka zauna ba aiki, har ya kai bakin karyewa. Ana nan sai rikicin Suwez ya tashi cikin 1956, aka toshe mashigin, ya zama dole jiragen mai su kewayo ta ƙurewar Afirka ta Kudu. Tafiya ta yi tsawo, jirage suka yi ƙaranci, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. Jiragen sauran mutane na ɗaure da tsofaffin alkawura a kan tsohon farashi, nasa kuwa da aka ƙaurace wa su ne a sake. Cikin 'yan watanni ya mai da abin da ya yi hasara har da riɓi.

Yanzu sai mu zo ga jirgin da ya sa sunansa ya shiga bakin waɗanda ba ruwansu da dakon mai. Asalinsa jirgin yaƙi ne na Kanada mai suna Stormont, an ƙera shi cikin 1943, ya yi rakiyar ayarin jirage a Tekun Atlantika, yana kuma cikin waɗanda suka yi aiki sa'ad da aka sauke sojan taron dangi a Normandi cikin 1944. Bayan yaƙi Onassis ya saye shi a kan dala 34,000, ya kai shi Kiel ta Jamus, ya kashe masa wajen dala miliyan 4. Cikin 1954 ya fito fari fat, tsawonsa ƙafa 325, aka sa masa sunan 'yarsa. Akwai ɗakunan baƙi 9, kowane an sa masa sunan wani tsibirin Girka, kamar Itaka, da Kiyos, da Karita, da Rodos, da Lesbos. Akwai ɗakin littattafai, da ɗakin likita, da murhun jin ɗumi da aka yi wa ado da dutse mai daraja shuɗi. A bayan jirgin akwai kwarmin iyo, an shafe ƙasansa da 'yan duwatsu masu launi, an kwaikwayi wani zanen bajimi da masu tsallake shi da aka tono a tsohuwar fadar Knossos ta tsibirin Karita. In dare ya yi sai a taɓa wani maɓalli, ƙasan kwarmin ya taso ya daidaita da daɓe, ya zama filin rawa. Bisa jirgin kuma ga wani ɗan jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ke kawo wasiƙu da jaridu, ya ɗauko baƙo ko ya mai da shi. Ma'aikata wajen 60 ke hidima a ciki.

Mai karatu zai ce wannan almubazzaranci ne, ba kuwa za mu musa masa ba. Amma Onassis ɗan kasuwa ne har cikin saukar baƙinsa. Attajiran Turai na gado suna yi masa kallon ɗan gudun hijira mai tallar taba, ba su buɗe masa zaurukansu da daɗin rai ba. Sai ya gina nasa zauren a kan ruwa, ya mai da shi yadda kowa zai so a gayyace shi. Wanda ya kwana 10 a gidanka, yana cin abincinka, ba shi da hanyar fita sai ta kwalekwalenka, da wuya ya ƙi amsa wayarka bayan an rabu. A cikin jirgin nan ya ke zaune galibin shekara, daga nan ya ke gudanar da harkokinsa ta waya, da dare ya ke aiki sa'ad da baƙi ke barci. Ya kan ajiye shi a tashar Monte Carlo ta Monako, inda tun 1953 ya mallaki mafi yawan hannun jarin kamfanin da ke riƙe da manyan masaukai da gidan caca, har suka ɓata da Yarima Rainier ya sayar cikin 1967.

Babban baƙonsa duka shi ne Sir Winston Churchill. Sun sadu cikin 1956, bayan tsohon ya sauka daga kujerar Firayim Ministan Ingila. Daga 1958 zuwa 1963 Churchill ya yi tafiya 8 a cikin Christina. Waɗanda suka halarta sun shaida irin ladabin da Onassis ya yi wa dattijon nan, ladabi irin na ɗa ga uba. Shi da kansa ya kan gyara masa bargo in iska ta taso, ya zauna kusa da shi ya yi ta jan shi da hira in ya ga shiru ya yi masa yawa, ya koyi wasan kartar da tsohon ke so don ya sami abokin yi. In teku ta yi fushi sai a sauya hanya, a nemi lungun wani tsibiri a fake, gama a tekun Ijiyan akwai wata iskar arewa da a ke kira meltemi, wadda ta kan taso a tsakiyar lokacin zafi ta kwana da kwanaki tana kaɗawa. Ko riba ya ke nema ko ƙauna ce, Allah ne masanin zuciya, amma tsoho ɗan shekara 80 da ɗoriya wanda mulki ya bar hannunsa ba shi da kwangilar da zai bayar.

Tafiyar da ta fi kowace shahara ita ce ta 1959. An tashi daga Monte Carlo cikin ƙarshen Yuli, aka yi mako 3 a kan ruwa. Cikin jirgin akwai Churchill da uwargidansa Clementine, da 'yarsu da jikarsu, akwai Tina matar mai gida, akwai kuma Maria Callas da mijinta Meneghini. Ita Callas Bagirkiya ce haifaffiyar New York, zabiya ce ta irin wasan kwaikwayon nan da a ke yi da waƙa wanda Turawa ke kira opera, a zamaninta kuwa ba wadda ta kama ƙafarta. Mijinta Ba'italiye ne, ya girme ta da kusan shekara 30, shi ne kuma wakilinta mai ƙulla mata ciniki.

Aka bi gaɓar Italiya, aka tsaya Portofino da Capri, sa'an nan aka shiga ruwan Girka. Aka sauka aka hau mota zuwa Delfi, inda Girkawan dā ke zuwa neman duba. Aka ratsa mashigin Koranti, wani yanka da aka yi cikin dutse tun 1893, tsawonsa wajen mil 4, ƙunci gare shi har mai tsaye a kan jirgi ya ga kamar zai taɓa bango. Aka ziyarci tsohon dandalin wasa na Epidaurus, wanda aka gina da dutse fiye da shekara 2,000 da suka wuce, inda mai magana a tsakiyar fili a kan ji shi har sahun ƙarshe. Daga nan aka ratsa tsibiran Ijiyan zuwa Izmir, Onassis ya zagaya da baƙinsa garin da ya baro yana yaro ba shi da komai. Da za a shiga mashigin Dardanelles zuwa Istambul, sai ya shirya a wuce shi da tsakar dare, don a nan ne cikin 1915 sojan Ingila da abokansu suka sha mummunan kashi a yaƙin da Churchill ya ba da shawarar a yi, abin da ya ci masa kujera a lokacin. Bai so tsohon ya ga tuddan nan da rana ba. A Istambul kuma suka gana da Athenagoras, babban limamin Kiristocin Otodoks.

Mutumin da ya iya tuna ciwon baƙonsa na shekara 44 bai tuna da na matarsa da ke zaune a teburi ɗaya da shi ba. Meneghini ya kwanta a ɗaki, jirin teku ya kama shi. Onassis da Callas kuwa suka riƙa raba dare suna hira da harshen Girkanci, wanda yawancin baƙin ba su ji. Jirgi komai girmansa ƙaramin gari ne, ba abin da ke ɓoyuwa. Kafin a koma Monte Carlo cikin Agusta kowa ya gane, uwargidan Churchill kuwa ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Cikin 'yan watanni Callas ta rabu da mijinta, Tina ta kwashe 'ya'yanta ta nemi saki, aka raba auren cikin 1960. 'Ya'yan nan biyu ba su taɓa yafe wa Callas ba. Ita kuwa ta rage waƙa, ta zauna jiran aure har shekara 9, cikin 1966 ma ta bar zama 'yar ƙasar Amurka ta karɓi na Girka don tsohon aurenta ya warware bisa dokar can. Auren bai zo ba.

Cikin 1963 ya sayi wani ɗan tsibiri mai suna Skorpios, watau kunama, a tekun yamma da Girka kusa da Lefkada, inda ruwa ya fi kwanciya. Ya sa aka dasa itatuwa, aka yi hanyoyi, aka gina matsayar jirgi. A watan Oktoba na shekarar nan ya gayyaci Jacqueline, matar Shugaba Kennedy na Amurka, ta zo ta huta bayan rasuwar jaririnta. Ta zo tare da ƙanwarta, aka zagaya da ita Istambul da Lesbos da Karita da Itaka. Jaridun Amurka suka yi ta surutu, suna cewa bai dace matar shugaba ta sauka wurin mutumin da gwamnatinsu ta taɓa kai wa ƙara ba. Bayan komawarta da 'yan makonni aka harbe mijinta, ran 22 ga Nuwamba. Shekara 5 bayan haka, ran 20 ga Oktoba 1968, Onassis ya aure ta a wata 'yar majami'a da ke Skorpios, yana da shekara 62, tana da 39. Auren bai yi albarka ba, ita rabin zamanta a New York, shi kuwa bai daɗe ba ya koma ziyartar Callas a Faris.

Tun 1957 ya karɓi kamfanin jiragen sama na Girka ya sa masa suna Olympic, ɗansa Alexander kuwa matuƙi ne, shi ke kula da sashen ƙananan jirage. Ran 22 ga Janairu 1973 Alexander ya shiga ɗan jirgin nan na Christina mai sauka a kan ruwa, don ya gwada wani sabon matuƙi. Tashinsu ke da wuya daga filin jirgin Atina sai jirgin ya karkata ya faɗi. Kashegari ya rasu, yana da shekara 24. Uban bai yarda haɗari ne ba, ya sa ladan dala miliyan 1 ga wanda ya kawo shaidar makirci, ba wanda ya kawo. Ya binne shi a Skorpios, ma'aikatan tsibirin su kan gan shi da dare zaune a bakin kabarin.

Daga nan bai sake komawa daidai ba. Farashin mai ya hau a ƙarshen 1973, dako ya ragu, kamfanin Olympic ya shiga hasara har ya mai da shi hannun gwamnati. Tina, wadda a 1971 ta auri Niarchos bayan rasuwar yayarta, ta rasu cikin Oktoba 1974. Shi kuma wata cuta mai kashe ƙarfin tsoka ta kama shi, har fatar idonsa ba ta tsayawa sai an manne ta da filasta. Ya rasu ran 15 ga Maris 1975 a wani asibiti kusa da Faris, yana da shekara 69, aka kai shi Skorpios aka binne kusa da ɗansa.

Dukiyarsa ta kasu biyu, kashi mafi tsoka ga Christina, sauran ga wata gidauniya da ya yi wasiyya a kafa da sunan Alexander, wadda ta gina asibitin ciwon zuciya a Atina, ta kuma ɗauki nauyin karatun ɗalibai masu yawa. Callas ta rasu a Faris cikin 1977, daga baya aka watsa tokar gawarta a tekun Ijiyan. Christina ta rasu a Ajantina cikin 1988 tana da shekara 37. Jirgin kuwa ta ba da shi kyauta ga gwamnatin Girka cikin 1978, aka sake masa suna Argo, aka bar shi a tashar sojan ruwa yana ruɓewa wajen shekara 20. Cikin 1998 wani Bagirke mai harkar jirage ya saye shi, ya gyara shi, ya sa masa suna Christina O, cikin 2001 ya koma teku a matsayin jirgin haya.